Ranar da Aka Toshe Bakin Tulun Rahila

Ku matso, mata, ku ba ni aron kunnuwanku. Mai tsifa ta ajiye tsinke, mai goyo ta jijjiga shi ya yi shiru. Tun da na sauko daga motar Funtua ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A rijiya, "Iya Laraba, ya Zariya?" A bakin coci, "Iya Laraba, ya biki?" Har wadda rabonta da gaishe ni tun damina ta zo tana leƙen tulun nan, wai wa ya mai da shi ja kamar gauta. To, zan faɗa sau ɗaya, daga saiwa har ganye. Ba tatsuniya ba ce, ko da yake ni ma da wata ce ta ba ni labarin, da na ce ta ƙara gishiri.

Kun san 'yata Rahila, wadda Malam Ishaya ya aura ya kai Samaru, ta riga mu gidan gaskiya ta bar 'ya ɗaya tal, Saratu. Kun kuma san tulun kiɗanta. Ni na gina shi da hannuna da yumɓun fadamarmu, shekarar da ta shiga zumuntar mata ta coci. Baki biyu gare shi, ɗaya a sama, ɗaya a gefen ciki, kuma na gefen nan shi ne muryarsa: ki buga tafin hannu a kai, ya amsa miki daga ƙasa kamar kurciya a cikin rijiya. Saboda yaran da ke saurare, bari in faɗi al'adar. A wurinmu ba a fitar da amarya daga gidan ubanta sai dangin uwarta sun zaunar da ita a tabarma, an buga tulu, an kira sunayen matan da ta fito daga cikinsu, sannan ita da kanta ta buga sau ɗaya. Wannan bugun shi ne sallama. Amaryar da aka ɗauka ba a yi mata haka ba, kamar akuya ce da aka saya aka bar igiyarta a hannun mai ita.

Rahila tana kwance ciwon ajali ta riƙe hannuna ta ce, "Iya, in ranar Saratu ta zo ba na nan, ki je mata da tulun." Na ce na ji. Shi ya sa da aka aiko cewa an sa bikin washegarin Kirsimeti, ban tsaya neman ɗan rakiya ba. Na cusa daddawa da garin kuka a cikin tulun, na naɗe shi da zane, na kama hanya.

Tun a tashar Malumfashi aka fara. Ɗan kamasho, wani dogo mai jan ido, ya fizge shi zai jefa a but tare da buhun gawayi da akuya. Zanen ya zame, ya ga bakin gefe, ya yi dariya.

"Kaka, fasasshen tulu za ki kai birni? Can robobi sun yi yawa, har kyauta ake yi."

Na ce, "Kai ma akwai huda biyu a hancinka, fasasshe ne kai? Ba ni kayana."

Na rungume shi a cinya. Motar da aka yi don mutum biyar, ba ku ga yadda aka danna mu a ciki ba, kowa na sauri ya je gida hutu. Direba ya ƙure rediyo, saurayin da ke gefena ya kunna nasa kiɗan a waya, na gaba shi ma da nasa. Kiɗa uku a mota ɗaya, ba wanda ke sauraron na wani. Na ce wa direba, "Ɗana, rage mana." Ya ce in ya rage barci zai ɗauke shi, don tun shekaranjiya yake kai da kawowa bai runtsa ba. Na ce to ƙara.

Bayan Funtua muka iske shinge, wai nan ne iyakar Katsina da Kaduna. Na duba hagu, karan dawa. Na duba dama, karan dawa. Iyakar dai ita ce wani katako mai ƙusoshi da wasu maza suka shimfiɗa a titi. Ɗayansu ya leƙo ya ce me ke cikin zane. Na buɗe. Ya zura hannu ta bakin gefe har gwiwar hannu, yana lalube kamar mai neman ƙwai a akurki. Ya zaro ƙullin daddawa, ya sunsuna, ya yi baya yana tari. Ya ce, "Mama, ku tafi. Amma tulun nan ya huje." Mutum na biyu ke nan. Da na san abin da ke gabana, da tun a nan na rataya masa laya.

Muka wuce Giwa, muka wuce Shika, sai ga Samaru. Mata, ban taɓa ganin motoci sun yi fushi da juna haka ba. Ɗalibai na ta ɗora jakunkuna za su gida, keke na kutsawa, acaɓa na kutsawa, kowa hannunsa a kan oda. Saratu ta hango ni ta rugo ta rungume ni da tulun gaba ɗaya. Fuskar uwarta sak, har 'yar wushiryar. Ta ce, "Kaka, kin zo da shi." Na ce, "Da wa zan bar shi?"

Gidan surukina a Bomo yake, gidan haya mai ɗakuna a jere, rabinsu na ɗalibai. Duk sun tafi hutu sai guda ɗaya da ya zauna, shi da wani akwatin kiɗa da ya fi shi ƙiba. Bango ɗaya ya raba mu. In ya kunna, kwanon da ke kan tebur sai ya riƙa tafiya da kansa. Malam, uban Saratu, ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, mutumin kirki, bai canza ba, sai dai furfura. Amma ragamar bikin ba a hannunsa take ba. Tana hannun ƙanwarsa, Anti Kande, mace mai waya biyu da murya uku. Na ce mata ina son a ba ni wuri safiyar biki in yi wa yarinya sallama. Ta ce, "Mama, za a duba, in akwai lokaci." Za a duba! Kamar na zo roƙon gishiri.

Suna kiran kwanakin nan hutu. Ni dai ban ga wanda ya huta ba. Tela ɗinki yake har idonsa ya kumbura, mata sun tsaya a kansa suna zagi. Mai kitso tana ci da hannu ɗaya tana kitso da ɗaya. Mai injin markaɗe, mai aski, mai wankin mota, kowa da janaretonsa yana kuka, kowa da kiɗansa a kan kukan janareto. Yara kuma suna jefa wani abu mai fashewa a ƙafar mutane, sau biyu ina faɗuwa ƙasa ina kiran sunan Yesu, su suna dariya. Mu nan in an gama girbi an sa hatsi a rumbu, Kirsimeti zama ake yi. Ka ci, ka je gidan ɗan'uwa ka ci, ka dawo ka zauna. Can kuwa gudu ake yi don a samu abin da za a yi hutun da shi, kafin a samu hutun ya wuce.

Abinci kuma, shinkafa ce da safe, shinkafa da rana, wata ja, wata ruwan ɗorawa. Aka kawo mini ɗanyen kabeji an yanka an kwaɓa da wani farin mai mai tsami, wai salak. Na ce wa Saratu, "Wutar ce ta ƙare, ko zomo kuka ɗauke ni?" Na kwance kukata da daddawata na yi miya. Hajiyar da ke maƙwabtaka da su ta ji ƙamshi ta aiko da kwano, na zuba mata, ta mayar da shi cike da waina. Ita kaɗai ce na samu mai hankali a unguwar.

Sai ango ya zo gaisuwa. Sunansa Bitrus, haihuwar Sabon Gari, iyayensa mutanen wajen Kafanchan. Aikinsa gyaran jikin mota: in ta lotse ya buge ta, ya cike, ya fesa fenti. Yaro mai ladabi, ya zube har ƙasa. Na ce, "Angona, ashe kai ne za ka yi mini kishiya da jikata? To me ka kawo mini?" Ya yi dariya ya ce, "Kaka, abin da zan yi miki sai kin gani da idonki." Na ga yana satar kallon tulun a lungu, ban kawo komai a raina ba.

Washegari na dawo daga gidan Hajiya, lungu wayam.

Na ɗaga katifa, na leƙa bayan ƙofa, na buga wa ɗalibin nan ƙofa har ya kashe kiɗansa. Saratu ta dawo daga wurin tela ta same ni zaune a ƙasa. Ta kira Bitrus a waya, na ga fuskarta ta canza, ta dafe kai.

"Kaka, yana wurinsa. Wai ya ga ya huje a hanya, ya ɗauka ya gyara miki. Wai yana so ya ba ki mamaki."

Ban sa takalmi daidai ba. Ranar jajiberen Kirsimeti ce, hanyar Sabon Gari ta cushe tun daga Kwangila, mai keke ya bi da mu ta lunguna, ta PZ inda masu shaguna suka fito da lasifika bakin titi kowa na kiran ciniki. Garejin kuwa motoci ne har waje, kowace da mai ita a tsaye, kowa na so a fesa masa sabon fenti ya shiga garinsu a ce ya yi arziki. Bitrus ya fito fari fat da ƙura, yana murmushi har kunne. Ya shiga wata rumfa ya fito da abu a hannu biyu, ya yaye tsumma.

Mata, ja wur. Yana walƙiya kamar motar amarya. Na juya shi, na sake juya shi. Babu bakin gefe. Sumul, kamar ba a taɓa yin sa ba.

Ya ce, "Kaka, ko da fitila ba za ki gane wurin ba. Raga na sa ta ciki, na cike da fila, abin da muke cike lotsewar mota da shi, na goge, na yi feshi hawa uku. Yanzu ko ruwa kika zuba ba zai ɗiga ba."

Na ɗaga hannu na buga inda bakin yake. Ɗaf. Kamar na mari bango.

Ban san na yi kuka ba sai da na ji gishiri a bakina. Na ce, "Yaro, wa ya aike ka? Wa ya ce maka ruwa nake zubawa? Ka ga tsohuwa ta ɗauko abu a cinya tun daga ƙasar Katsina, ba ka iya buɗe baki ka tambaya ba? Muryar uwar matarka ce ka toshe. Ta mutu sau ɗaya, kai ka sake kashe ta da fenti!"

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya ce, "Kaka, wallahi a cocinmu piyano ake kaɗawa da jita. Ban taɓa..." Saratu na gefe tana kuka, ba ta san bayan wa za ta bi ba.

Akwai wani mai shagon kayan wuta a PZ, Oga Emeka, ƙato mai tumbi, wanda tun da muka iso yake ta faɗa da Turancin kasuwa, don motarsa ce a kan layi, ƙofa ɗaya an goge ta toka-toka ba a fesa ba, shi kuma yana so ya kama hanyar garinsu can kudu a ranar. Ya matso ya karɓi tulun, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ta sama. Sai ya juya kan Bitrus da gurguwar Hausarsa.

"Kai! Kai mahaukaci ne? Wannan na kiɗa ne! Mamana yana da shi a gida, yana bugawa a coci. Ka rufe masa baki? Kai, Bitrus, ka kashe ni!"

Ku ji fa. Mutumin da ya fito daga wata uwa duniya ya san tulu, ɗan da za mu ba 'yarmu bai sani ba.

Bitrus ya ɗauko wani injin huda ƙarfe. Na tare shi da jikina. Na ce in wannan abin ya taɓa yumɓun nan, garin tulu zan kwasa. Ya tsaya yana kallon injin, yana kallon layin motoci. Ya ce in da hannu ne, abin ya riga ya daskare kamar dutse, sai dai a bi shi kaɗan-kaɗan da guntun zarto da samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge ƙarfe, kuma ba aikin yini ɗaya ba ne. Na ce, "Ni ban san wannan ba. Abin da na sani, jibi ba mai fitar da Saratu daga ɗakin ubanta sai tulun nan ya yi magana."

Oga Emeka ya buɗe motarsa mai ƙofar toka, ya ce, "Bar shi haka, zan tafi. Ka gyara na Mama." Ya tayar ya fice. Sauran masu motoci ba su yi irin nasa ba. Muna fita ina jin suna zazzaga wa Bitrus masifa, shi kuwa ya zauna a kan wata tsohuwar taya, tulun a cinyarsa, kamar yadda na riƙo shi a mota.

Kirsimetin bana ban ji daɗinta ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Na je sujada a cocinsu, lasifika kamar rumbuna, mai ganga yana duka kamar an yi masa laifi, ban ji kalma ɗaya daga cikin waƙar ba. Aka dawo aka ci shinkafa. Bitrus bai zo cin abinci ba. Saratu ta ce ko coci bai je ba.

Safiyar biki motoci suka iso an yi musu ado da ƙyallaye da balan-balan, ta gaba kuma an ɗaura mata akwatunan kiɗa a baya. Saratu ta shirya cikin farar riga. Babu tulu. Na ɗauki tabarma na shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakin, na zauna, na miƙe ƙafa.

Anti Kande ta zo kamar guguwa. "Mama, don Allah ki tashi. Fasto na jira, akwai wani auren a bayanmu, motocin nan haya ne, suna da wani bikin a Hanwa!"

Na ce, "Ki tsallaka ni."

"Mama, wannan ai al'adar da ce. Ki yi mata addu'a kawai mu wuce."

Na ce, "Ke kika yi naƙudar uwarta? Ki tsallaka ni, na ce."

Ta juya wurin yayanta. Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Kande, ni na ji lokacin da Rahila ta faɗa." Direbobi suka hau danna oda. Daga cikin ɗaki Saratu ta ce, da ƙaramar murya, "Anti, ba zan fito ba." Ni kuwa in tulun ya fashe a hannun yaron nan, ban san abin da zan yi da wannan zaman nawa ba. Na ɓata wa yarinya aure, ko na karya wa matacciya alkawari.

Sai ga acaɓa ya kutso tsakanin motoci. Ango ne a baya, cikin kwat ɗinsa na aure, ango da ya kamata a ce yana coci yana jira. Ya rungume abu a zane. Yatsunsa duk a naɗe da filasta. Bai gaishe da kowa ba, ya je wurin motar kiɗa ya zare wayar akwatunan da hannunsa. Shirun da ya sauka a gidan nan, tun da na zo Zariya ban ji irinsa ba. Ya durƙusa ya ajiye tulun a gabana.

Bakin gefe ya dawo. Ya ɗan fi na da faɗi, gefensa da 'yan ƙananan karce. Ya ce, "Kaka, ban gwada ba. Na ji tsoro."

Na kira Saratu ta zauna a tabarma da farar rigarta. Na ɗora tulun a cinya, na ɗaga hannu, na ce Ubangiji ka gani. Na buga.

Ya amsa. Ba da tsohuwar muryarsa ba. Ta dushe kaɗan, ta yi ƙasa, irin muryar Rahila a kwanakinta na ƙarshe. Malam ya juya ya fuskanci bango. Na rera:

Je ki, 'yar Rahila, je ki da ƙafar dama,
Rahila ta Laraba, Laraba ta Tani,
Tani ta Dije mai rumbu a bakin fadama,
Ƙofar da kika fita ba a rufe ta ba.

Hajiya ta rangaɗa guɗa daga kan katanga. Na tura wa Saratu tulun. Ta ɗora tafinta a kan bakin, ta daɗe ba ta ɗaga ba, sannan ta buga sau ɗaya. Na naɗe tabarmata na ba su hanya.

To, ga yadda kowa ya ƙare. An ɗaura aure a makare, fasto ya yi wa'azi gajere, wanda kowa ya ce shi ne alherin ranar. Zoben bai shiga yatsan ango ba saboda filasta, sai a ƙaramin yatsa aka sa. Anti Kande ba ta yi mini magana ba har na taho, amma na ga ta tura wa mutane hoton sallamar a wayoyinta duka biyun, tana cewa al'adar gidansu ce. Biyu daga masu motocin garejin sun kwashe motocinsu sun kai wani wuri, ba su dawo ba. Oga Emeka ya shiga garinsu da ƙofar toka, ya aiko a gaya mini mamansa na gaishe ni. Ɗalibin nan ya zo ya ce in bar shi ya ɗauki muryar tulun a waya ya haɗa da kiɗansa, na ce ya bari sai ranar aurensa. Malam ya rako ni tasha, ya biya kujera biyu, ɗaya tawa ɗaya ta tulu. Saratu tana Sabon Gari a ɗakinta, ta ce in Allah ya ba ta 'ya mace sunanta Rahila.

Bitrus kuwa ya roƙe ni in bar shi ya kankare jan fentin. Na ce a'a. Tulun ya zauna haka, don ranar da za a yi wa 'yarsa sallama, in an tambaya wa ya mai da tulun ja, ya tashi a gaban surukansa ya ba da amsa da bakinsa.

Nan labarin ya tsaya. Mai tsifa ta ɗauki tsinkenta. Ke kuma da ke leƙe, cire hannunki daga bakin nan, ba hujewa ya yi ba.